Wa aka auna kafin a yanka katakon teburin nan?

Duk wanda ya leƙa gidan sabuwar amarya a Kano ko Kaduna ko Maraɗi cikin 'yan shekarun nan ya san abin da zan faɗa. A ƙuryar falo akwai dainin, dogon tebur mai gilashi ko mai farin fenti da ruwan gwal, kujeru shida sun kewaye shi, wani lokacin ko ledar jikinsu ba'a cire ba. An jera masa kuloli da kofunan da ba'a taɓa shan ruwa da su ba, ga fulawar roba a tsakiya. In lokacin cin abinci ya yi kuma sai a shimfiɗa leda a kan kafet, a kawo tuwo da miya da ruwan wanke hannu, maigida ya tanƙwashe ƙafa ya zauna a ƙasa, teburin yana can yana shan ƙura. Uban yarinya kuwa wataƙila har yau bai gama biyan kafinta ba, uwarta ma adashen da ta kwasa saboda kayan ɗakin nan tana kan zubi.

Wallahi abin yana ci min rai, kuma ni masoyin tebur ne, ina iya tsayawa a bakin shagon kafinta in yi ta kallon yadda ake goge katako har in manta inda za ni. Abin da ke damuna shi ne dukiyar da muke zubawa a kayan da ba'a auna da jikinmu ba, ba'a yi su dan irin zamanmu da cimarmu ba, kuma mun ɗauka hakan shi ne wayewa. Alhali in ka bi tarihin tebur tun zamanin fir'aunoni har yau abu ɗaya za ka yi ta cin karo da shi, duk mutanen da suka yi teburin da duniya ke tunawa da shi sai da suka fara duba yadda suke zama da yadda suke ci, sannan suka ɗauki zarto.

Mutanen Masar na da can suna da tebur amma ƙanana ne gajeru, aikinsu kawai su ɗaga abinci ko tulu daga ƙasa. A 1906 wani Ba'italiye mai tonon kayan tarihi, Ernesto Schiaparelli, ya buɗe kabarin wani babban magini mai suna Kha da matarsa Merit a Deir el-Medina, kabarin da ɓarayi ba su taɓa shiga ba, ya tarar da 'yan tebura da burodi a kai yadda aka bar su sama da shekara 3,000, yanzu haka suna gidan tarihi na Turin. Amma magatakardan fir'auna, waɗanda lissafin hatsi da harajin ƙasar duk ke hannunsu, ba su da teburin rubutu. Akwai mutum-mutumin ɗaya daga cikinsu a gidan tarihi na Louvre a Paris, an tono shi a Saqqara a 1850, yana zaune ya naɗe ƙafa ya ɗame zanensa tsakanin gwiwoyi ya ɗora takarda a kai, zaman almajiri da allonsa sak. Da irin wannan zaman aka tafiyar da daular da ta gina dalar Giza.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Gordion, a Turkiyya ta yau. A 1957 aka shiga wani ƙaton tudun kabari na sarkin da aka binne wajen shekara 740 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka samu tebura tara a ciki. Ɗaya daga ciki an haɗa shi da guntayen katako sama da 40, farin katako an dasa masa mai duhu-duhu cikin zane mai kyau, an fafe rami a nan an zura harshen wancan a ciki. Dukkansu kuma ƙafa uku gare su. Mai ƙafa uku ba ya girgiɗi ko'ina ka ajiye shi, ko daɓen ya karkace ko bai karkace ba, wannan kafintan ya kalli ƙasan ɗakin mutanensa kafin ya fara aiki. Mu da rabin tsakar gidajenmu da ɗakunanmu ba a daidaice suke ba, har yau muna nan muna ninke kwali muna cusawa ƙarƙashin ƙafa ta huɗu. Girkawa ma mai ƙafa uku suka riƙe, a kishingiɗe suke cin abinci, kowa da ɗan teburinsa mara nauyi a gabansa, in an gama a tura shi ƙarƙashin gadon.

Rumawa kuwa sun mayar da tebur abin gasa. Akwai wani icce mai kyawun zane da ake sarowa daga duwatsun Atlas a arewacin Afirka, wanda har yanzu masassaƙan Essaouira a Maroko ke aiki da shi, masu kuɗin Rum suka haukace a kansa, tebur ɗaya sai ya ci kuɗin babbar gona. Pliny, marubucinsu na ƙarni na 1, da kansa ya kira abin haukan tebur, ya kuma ce in maza suka yi wa mata faɗan kashe kuɗi a lu'ulu'u sai matan su ce ku fa da teburanku. Ni ina ganin matan nan suna da gaskiya, kuma maganarsu tana nan da ranta. Mukan ɗora wa iyaye mata laifin tsadar kayan ɗaki, amma ka shiga ofishin wani oga ka ga teburin da ya sa aka sayo masa da kuɗin jama'a, faɗinsa sai ka miƙe tsaye ka ranƙwafa kafin takardarka ta isa hannunsa. An yi shi ne dan ka san matsayinka tun kafin ka buɗe baki. Duniya duk ta ga haka a Fabrairun 2022 da Putin ya zaunar da Macron a can ƙarshen farin tebur mai tsawon kusan mita 6. A Paris kuwa daga ƙarshen 1968 zuwa Janairun 1969 wajen mako goma aka kwashe ana gardamar siffar teburin da za'a zauna sulhun yaƙin Vietnam, mai kusurwa ko zagayayye, dan siffar ita za ta nuna ɓangare biyu ne ko huɗu, ana wannan gardama mutane na mutuwa. Balle teburin Berlin na 1884 zuwa 1885 da ƙasashe 14 suka zauna suka tsara yadda za'a yi wasoson Afirka ba tare da an ajiye wa ɗan Afirka ko ɗaya kujera ba.

Toh shi wannan dainin da muke ɗauka kamar da shi aka haifi Bature, baƙo ne har a can. A tsakiyar zamani a gidajen manyan Turai falankai ne kawai ake ɗorawa a kan ƙafafu masu naɗewa, a ci a gama a kwashe a jingine da bango dan zauren ya koma wajen hira da kwana. Ɗakin da aka ware dan cin abinci kaɗai, da teburinsa na dindindin da jerin kujeru iri ɗaya, sai wajen ƙarni na 18 ya zama yayi, shi ma a gidajen masu hali. Kuma komai nasa lissafi ne. Tsayin tebur kusan santimita 75, kujera kusan 45, dan mutumin da ke da farantinsa shi kaɗai, wuƙa a dama cokali mai yatsu a hagu, a ƙasar da sanyi ke hana zaman ƙasa. Yanzu ɗauko malmalar tuwo da kwanon miyar kuka guda ɗaya ka ajiye a tsakiyar wannan dogon tebur, mutum shida su sa hannu. Na ƙarshe ba zai kai ba, na kusa hannun rigarsa zai sha miya, yaro kuwa haɓarsa ce ke taɓa bakin tebur. Shi yasa kowa yake saukowa ƙasa, jikinsa ne ya gaya masa gaskiya, bai kamata ya ji kunyar hakan ba ko kaɗan.

Mu Musulmi ma muna da abin dubawa a gida. Bukhari ya ruwaito daga Anas bn Malik (RA) cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa cin abinci a kan tebur mai tsayi ba, da aka tambayi Ƙatada, wanda ya karɓo hadisin daga Anas, to a kan me suke ci sai ya ce a kan shimfiɗa. Malamai ba su ce cin abinci a tebur haramun ne ba, ni ma ban faɗa ba, abin da nake so a gani shi ne shimfiɗar nan da wasu ke ɓoyewa in sun yi baƙi tana da asali mai daraja. Kuma zaman ƙasa bai hana daulolin Musulunci yin teburan da ake layi a gani ba. A gidan tarihin fasahar Musulunci na Alƙahira akwai wani mai gefe shida da aka yi wa Sultan Nasir Muhammad bn Ƙalawun a shekara ta 728 bayan hijira, wajen 1328 kenan, na tagulla ne an huda shi da zane an dasa masa azurfa da zinare da rubutu mai kyau. Abin da ya fi taɓa ni, maƙerin ya rubuta sunansa a jiki, Muhammad bn Sunƙur al-Baghdadi, yau kusan shekara 700 ana kiran sunansa tare da na sarki. Turkawan Usmaniyya su kuma ƙaton tire na ƙarfe suke ɗorawa a kan 'yar gajeriyar ƙafa, a kewaye shi a zaune a ƙasa a ci, a ɗauke tiren a ninke ƙafar, ɗaki ya koma fili.

Masu zane na Turai sun daɗe da gane cewa in kana so ka nuna ko su waye mutane, zaunar da su a tebur. Leonardo da Vinci ya zana hoton da Kiristoci ke kira jibin ƙarshe a bangon ɗakin cin abincin wasu limaman coci a Milan tsakanin 1495 da 1498, ya jera mutanen duk a gefe ɗaya suna fuskantar masu kallo, tebur kuma ya ba su irin na Italiyan zamaninsa, har karin ninkin mayafin teburin ana gani, dan waɗanda ke cin abinci a ɗakin su ji kamar tare ake ci. Holbein a hoton jakadun nan biyu na 1533 da ke Landan, darduma ce ta Turkiyya ya shimfiɗa a kan teburin da suka jingina da shi, haka za ka gani a hotunan Vermeer da sauran 'yan Holan na ƙarni na 17, dardumar da Musulmi ke takawa a ƙasa su a wajensu ta fi ƙarfin a taka ta sai dai a ɗora a tebur. Sun karɓi kayan wasu amma sun juya shi ya dace da gidansu. Shi kuwa Van Gogh a 1885 manoma biyar ya zana ƙarƙashin 'yar fitila sun kewaye ɗan ƙaramin tebur suna cin dankali daga faranti ɗaya, yana so a ga cewa hannun da ya tona ƙasa shi ne ke cikin kwanon. Carrie Mae Weems, baƙar fata 'yar Amurka, a 1990 ta ɗauki jerin hotuna duk a teburin kicin ɗaya da fitila ɗaya a sama, mace da mijinta, da 'yarta, da ƙawayenta, da ita kaɗai, rayuwar gida gaba ɗaya ta fito a kan wannan katako.

In wani mai zane ko mai ɗaukar hoto namu yana neman irin wannan tebur, wanda rayuwa ke gudana a kansa, ba zai same shi a ƙuryar falon amarya ba. Ya fita bakin titi da asuba ya je teburin mai shayi. Ka tsaya ka kalle shi da kyau wata rana. Benci ta gefe uku, mai shayi a tsaye ta gefe na huɗu, tukunyar ruwan zafi da kaskon ƙwai a hannun damansa, burodi an jera shi sama-sama a baya inda hannun kowa ba ya kaiwa sai nasa, gwangwanayen madara da Bournvita da kwalin Lipton a gaba, kiret ɗin ƙwai da katan ɗin Indomie a ƙasa, ga 'yar durowa ta canji daidai cinyarsa. An lulluɓe saman da leda an kama bakin da ƙusa dan a share da tsumma sau ɗaya. Tsayinsa ya yi daidai da mai aiki a tsaye ya kuma yi daidai da mai shan shayi a zaune, faɗinsa kuwa daga inda yake zai miƙa wa kowa kofi ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Ba wanda ya zana wannan a jami'a, shekaru ne da gyara bayan gyara suka fitar da shi, kuma a nan ake siyasa, a nan ake gardamar ƙwallo, a nan direba da malamin makaranta da ɗan dako suke haɗa kafaɗa. Haka teburin mai nama da kauri dan ya jure sara, haka na 'yan tebur a kasuwa da ake yi wa hawa-hawa dan kaya su fito. Kenan basirar tana nan cikinmu, in an zo kayan gida ne kawai muke ajiye ta mu ɗauko hoton waya.

Wasu al'ummu masu zaman ƙasa irinmu ba su yi haka ba. Japanawa sun fito da ɗan gajeren tebur mai ƙafafu masu naɗewa da suke kira chabudai, iyali su kewaye shi su ci, da dare a ninke a shimfiɗa katifa a wurin, ɗaki ɗaya ya yi aikin uku. Ka tuna yawancin ma'auratanmu ciki da falo suke farawa, wasu ɗaki ɗaya. Koriyawa suna da soban, ɗan tebur na mutum ɗaya da ake jera abinci a kai tun daga kicin a ɗauko shi gaba ɗaya, har garuruwa sun yi suna da nasu salon, na Naju daban na Haeju daban na Tongyeong daban. A Habasha kuwa teburin cin abinci saƙa shi ake yi, mesob, dogon kwando mai launi da murfi mai tsini, a buɗe a ɗora injera a kewaye a ci tare, baƙo daga ko'ina ya zo a kan shi ake karrama shi ba tare da jin nauyi ba. Mu da matanmu ke saƙa faifai mai ban sha'awa, ga kaba ga rini, ga masassaƙan da suka iya fitar da akushi da turmi da kujera 'yar tsugunno daga gungume ɗaya, ga maƙwabtanmu Nufawan Bida da tiren tagulla da kujerunsu masu ƙafafu da yawa, me ya hana mu?

Su Sinawa sun bar tabarma sun hau kujera, amma a hankali cikin ɗaruruwan shekaru, tsakanin daular Tang da ta Song, kuma da suka hau sai suka ƙirƙiri nasu teburin, har zamanin Ming ya zama abin koyi, katako zalla an sarƙe shi da juna ba ƙusa. A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu ta hanya mai ciwo. Da masu kuɗin China na yanzu suka koma son kayan ɗaki irin na Ming, itacen da suka saba amfani da shi ya yi ƙaranci a Asiya, sai aka juyo kan maɗobiyarmu. Duk wanda ya bi hanyoyin Taraba da Adamawa a shekarun 2014 zuwa 2017 ya ga tireloli maƙare da gungume. Rahoton da ƙungiyar bincike kan muhalli ta EIA ta fitar a 2017 ya yi maganar gungume miliyan 1.4 na kusan dalar Amurka miliyan 300 da suka tafi China daga Najeriya, sai da CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta dakatar da cinikin a 2018. Mun sare itace mai daraja mun sayar da shi ɗanye a kuɗi kaɗan, can aka mayar da shi teburin da jika zai gada, mu kuma muka sayo garin katako da aka matse da gam aka manna wa takarda mai sheƙi, wanda in ruwan mofa ya taɓa ƙafarsa sau biyu ya kumbura ya fara zubewa. Kallon kitse muke wa rogo, kuma dajin ya tafi.

Manyan masu tsara kayan ɗaki na ƙarni na 20 da ake koyar da aikinsu a makarantu, in ka duba kowannensu wata 'yar matsala ya gani ya warware. Eileen Gray a 1927 ta yi ɗan tebur na bututun ƙarfe da gilashi mai hawa da sauka, ƙafarsa buɗe ta gefe ɗaya dan ya shiga jikin gado ko kujera. Eero Saarinen a shekarun 1950 tarin ƙafafu ne suka dame shi a ƙarƙashin tebur, sai ya mayar da su guda ɗaya a tsakiya. Isamu Noguchi da katako biyu iri ɗaya da gilashi ɗaya ya gama nasa, a ƙarshen shekarun 1940 aka fara sayar da shi, kuma har gobe ana sayarwa. Kamfanin IKEA ma labarin da suke bayarwa shi ne a 1956 wani ma'aikacinsu, Gillis Lundgren, ya cire ƙafafun tebur dan ya shiga mota, daga nan suka rungumi sayar da kaya a kwali ka haɗa da kanka. Kuma kar wani ya ce sai Bature. Demas Nwoko a Zariya ya yi karatun zane a ƙarshen shekarun 1950, ya shafe rayuwarsa yana gini da ƙera kujeru da tebura da ƙasa da katakon ƙasar nan, a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin gine-gine na Venice. Cheick Diallo a Bamako da zaren nailan da ƙarfe yake aiki, Hamed Ouattara a Wagadugu tsofaffin durom na mai yake mayarwa kayan ɗaki, ana nuna aikinsu a manyan gidajen baje koli na duniya.

Ban ga laifin kafintanmu ba sosai. Mu ne muke zuwa masa da hoton da muka gani a Instagram mu ce irin wannan sak, sati uku biki, sannan mu yi ciniki har sai mun tsotse ribar. Me zai yi? Zai sayo ɗanyen katako da bai bushe ba, ya buga ƙusa ya cike ramuka da foti ya fesa fenti, hunturu na zuwa ya tsage. Araha ba ta ado. Yaron shagonsa zai shekara biyar yana koyon buga ƙusa da shafa gam ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake zana abu a takarda, ko yadda ake auna mutum, ko yadda ake sarƙe katako biyu su riƙe juna. Daga 2015 zuwa Oktoban 2023 Babban Bankin Najeriya ya sa kayan ɗaki cikin jerin abubuwan da ba'a ba su dala a farashin gwamnati, dama ce babba ta shekara takwas, amma kasuwa kaɗai ba ta koya wa mutum sana'a in babu wuta, babu wajen busar da katako, makarantun koyon sana'a kuma injinansu sun yi tsatsa.

Na san abin da uwar amarya za ta ce, kuma ban raina maganarta ba. Za ta ce Malam kai ba ka san gori ba, ranar jere dangin miji za su shigo su ƙirga komai da ido, in babu dainin 'yata ce za ta sha habaici har ta haihu. Gaskiya ne, kuma shi yasa gyaran ba zai fara daga kanta ita kaɗai ba, ango da danginsa su ne za su fara buɗe baki su ce ba ma buƙata, ku yi mata abin da za ta mora. Akwai kuma waɗanda tebur mai tsayi ya zame musu dole, dattijo mai ciwon gwiwa, mai juna biyu da zaman ƙasa ke wahalar da ita, gidan da yara ke aikin makaranta a kai, da wanda kawai haka yake jin daɗin cin abincinsa. Madalla, su saya, su sayi mai kyau ma, tebur ɗin da ake mora bai taɓa zama asara ba.

Abin da nake so in gani shi ne a je wa kafinta da bayanin gida a maimakon hoto. Mu shida ne, a ƙasa muke ci, kwano ɗaya, falon ƙarami ne, akwai mai rarrafe. Ya yi zagayayyen tebur da bai wuce santimita 30 ko 35 ba, na maɗaci ko ƙirya da ya bushe sosai, da ɗan baki a kewaye dan miya kar ta zubo kan kafet, ba kusurwar da za ta fasa wa yaro goshi, ƙafafu masu naɗewa a jingine shi bayan ƙofa in an gama. Masu saƙa su yi masa murfi, maƙera su yi masa tire daidai bakinsa. Kuma kafintan ya ƙona sunansa da garinsa da shekara a ƙarƙashi, dan wanda ya san sunansa zai zauna a jikin aiki ba ya yin algus, mai saye kuma ya san wanda zai nema ya kuma san wanda zai yaba.

Gwamnatocin jihohi su ne manyan masu sayen tebur a arewa, ko sun sani ko ba su sani ba, saboda makarantu. Nan ne abin ya fi muni, ajin da yara ke rubutu a kan gwiwa a daɓen da ya farfashe, da ajin da aka kawo benci da tebur na kwangila masu tsayi ɗaya tun daga 'yan aji ɗaya har 'yan aji shida, ƙaramin yaro ƙafarsa na lilo kafaɗarsa a ɗage wuni guda, kafin zango ya ƙare ƙusoshi sun fito sun yaga wando an tara karyayyun a bayan aji. A auna yaran nan, a fitar da girma uku ko huɗu, a rubuta irin katakon da irin haɗin cikin takardar kwangila, a raba aikin ga kafintocin ƙaramar hukumar da makarantar take tare da sharaɗin su ne za su riƙa gyarawa na shekara biyar, kuma kowane shago ya ɗauki yara biyu ko uku daga makarantar koyon sana'a su yi aikin tare.